Ranar da Na Bi Sawun Hajjo

Shekararta goma sha ɗaya da wata biyu
ta ce, "Baba, gobe ni kaɗai zan tafi."
Uwarta ba ta ɗago daga tsintar wake ba,
ta ce, "Bar ta. Kai a shekarunta
ai har kasuwar Funtuwa kake kora awaki."
Na ce Funtuwa ba Ikko ba ce.
Akuya ba ta gudun danfo.

Da dare na rubuta lambar wayata a kwali,
na ɗinke shi a cikin jakarta da baƙin zare.
Ni da nake yi wa alhazan Agege manyan riguna,
ga hannuna na rawa a kan ɗinkin yatsa uku.
Na jero mata dokoki:
kada ki karɓi alewar kowa,
kada ki tsaya kallon faɗa,
in kwandasta ya riƙe canji, bar masa,
kuma gada, Hajjo, ki hau gada,
ko da za ki makara.
Ta ce to, to, tana hamma.

Da safe ta fita. Na ƙirga ashirin,
na ja ƙofar shago, na bi bayanta
kamar ɓarawon kayan kansa.

Ta gai da Iya mai ƙosai da Yarbanci,
harshen da shekara ashirin da biyu
ban ɗauki komai a cikinsa ba sai ciniki.
A layin dogo ta tsaya, ta duba hagu, ta duba dama.
Wani ɗan acaɓa ya yi mata fito,
ko kallo bai samu ba.
Na laɓe bayan tulin doya,
mai doyar ta tambaye ni nawa zan saya.

A Dopemu ta kama matakalar gada,
ɗaya, biyu, jakar na dukan bayanta.
Na ce in na hau, za ta waiwayo ta gan ni.
Sai na tattare riga
na faɗa titi.

Allah Ya sani ban san yadda na ƙetare ba.
Oda, birki, zagi kala uku,
takalmina ɗaya ya zauna a tsakiyar kwalta
tirela ta yi masa abin da ta ga dama.
Ina isa tsallake
wani mai kaki ya cafki ƙugun wandona.
Mutane suka taru, kamar dama jira suke.

Sai ga ɗan hannu a kan hannun mai kakin.
Ta rusuna, ta yi masa magana a hankali,
ya dube ni, ya yi dariya, ya sake ni.
Na ce, me kika ce masa?
"Na ce babana ne, baƙo ne, bai san gari ba."

Ta gyara mini hula.
"Tun daga layin dogo na ji tarinka, Baba.
In za ka koma, ka hau gada."

Na hau.
Daga sama na ga farin hijabinta
yana shiga tsakanin motoci masu ruwan ɗorawa,
ya ɓace, ya fito, ya ɓace,
bai sake fitowa ba.
Na daɗe riƙe da ƙarfen,
ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a kan siminti mai zafi.

Washegari na ƙirga ashirin,
na ƙirga ɗari,
na ɗora ƙafa a kan keken ɗinki.
Tsoron bai tafi ba, yana nan zaune a kan benci,
muna aiki tare.
Wuyan rigar Alhaji Ɗanjummai
sau biyu ina farke shi kafin la'asar,
kafin in ji sallamarta a ƙofa
tana tambaya ko akwai sauran tuwo.